Ko Ƙarya Tana Iya Yi Wa Allah Hidima?

Kafin a soma wannan darasi, sai shugaban ƙungiya ya sa a karanta Fitowa 1:15-21 da Ayyukan Manzanni 5:1-11 da murya, a hankali, domin kowa ya ji.

Ya ku 'yan'uwa cikin Ubangiji, a wurare biyun nan da muka karanta mun sadu da mutum huɗu, kowannensu ya tsaya gaban mai iko ya faɗi magana wadda ba ta yi daidai da abin da ya auku ba. Biyu daga cikinsu ungozomai ne na Ibraniyawa, Shifra da Fu'a. Fir'auna ya umurce su su kashe kowane jariri namiji tun a wurin haihuwa. Suka ƙi. Da ya tuhume su kuwa, sai suka kawo masa hujja cewa matan Ibraniyawa ƙarfi gare su, su kan haihu tun ungozoma ba ta iso ba. Allah ya yi wa ungozoman nan alheri, ya ba su iyali na kansu. Sauran biyun miji da mata ne, Hananiya da Safiratu, 'yan ikkilisiyar Urushalima. Suka sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka kawo saura gaban manzanni kamar shi ke nan duka. Dukansu biyu suka faɗi matattu a rana ɗaya, tsakanin mijin da matar wajen sa'a uku.

Mai karatu mai hankali ba zai rasa tambaya ba. Allahn Fitowa shi ne Allahn Ayyukan Manzanni, ba ya sakewa, ba ya kuwa yin ƙarya. Me ya sa fa aka sa wa waɗancan albarka, aka hukunta waɗannan? Ko akwai ƙaryar da Allah ya ke karɓa? Tambayan nan ta shafe mu ƙwarai. A cikin ikkilisiyoyinmu akwai waɗanda suka taɓa ɓoye maƙwabci a ɗaki ran da gari ya rikice, aka buga musu ƙofa aka tambaye su wa ke ciki. Akwai kuma waɗanda suka sayar da akuya ko keken ɗinki suka kai wa wani mai kiran kansa bawan Allah, domin ya yi musu alkawarin abin da Allah bai ce ba. Za mu bincika al'amarin daga Maganar Allah, mu kuma ɗauki misalai daga littattafan marubuta, da majigi, wanda yaran yanzu ke kira fim, da tarihin ikkilisiya, gama abin da ya sami waɗansu gargaɗi ne a gare mu.

Ƙaryar da ke cin bangaskiyar mutane

Mu fara da wadda ba ta da wuyar hukunci. A shekara ta 1664 wani marubucin Faransa, Moliere, ya shirya wasan kwaikwayo mai suna Tartuffe. Labarin wani mai arziki ne, Orgon, wanda ya ga wani mutum yana yawan durƙuso da ajiyar zuciya a majami'a, ya ɗauke shi waliyyi, ya kawo shi gida. Tun yana ciyar da shi, har ya yi niyyar ba shi 'yarsa aure, ya kori ɗansa na cikinsa, ya rubuta masa gida da dukiya. Mutanen gida duka sun gane baƙon nan Musa ne a baki, Fir'auna a zuci, maigida kaɗai bai gane ba, sai ran da matarsa ta ɓoye shi a ƙarƙashin tebur ya ji da kunnensa waliyyin nasa yana neman ta. Waɗansu manyan ikkilisiya na lokacin suka husata, suka sa sarki Luwis na 14 ya hana yin wasan a bainar jama'a, ba a sake shi sosai ba sai 1669. A nan akwai abin kunya a gare mu. Maimakon su yi fushi da munafuki, sai suka yi fushi da wanda ya nuna shi.

A ƙasarmu ma an rubuta irin wannan. A 1960 aka fara yin wasan Wole Soyinka mai suna The Trials of Brother Jero a Ibadan. Jero annabi ne na bakin teku a Ikko, watau Legas, mai ɗaukar mabiyansa kamar masu ciniki a kanti. Dabararsa ita ce kada ya bar su su sami abin da su ke so, gama ya san ran da zuciyarsu ta kwanta ba za su komo wurinsa ba. Yana da almajiri, Chume, masinja a ofishin gwamnati, wanda ke ta roƙon izini ya doki matarsa. Jero ya hana shi shekara da shekaru, domin dai mutumin ya zauna cikin ƙunci ya riƙa zuwa. Amma ran da ya gane matar nan ita ce mai binsa bashin kuɗin alkyabba, nan da nan ya ce an yi masa wahayi, Chume ya je ya doke ta. Mu lura, ko sa'ad da Jero ya hana mugunta, domin cikinsa ya hana.

Kada wani ya ce wannan ƙagen marubuta ne kawai. A Amurka an yi wani yaro, Marjoe Gortner, haifaffen 1944, wanda iyayensa suka sa aka naɗa shi mai wa'azi yana da shekara huɗu. Suka koya masa wa'azi da ka, da yadda zai ɗaga hannu, da lokacin da za a karɓi baiko. Da ya girma ya ci gaba da sana'ar, ko da ya ke shi kansa bai gaskata abin da ya ke faɗa ba. Daga baya ya yarda masu ɗaukan majigi su bi shi cikin tarurrukan farkawa, yana wa'azi mutane na kuka, sa'an nan a masauki yana ƙirga kuɗi yana bayyana dabarunsa ɗaya ɗaya. Majigin ya fito a 1972, har ya ci babbar kyautar Oscar.

Abu ɗaya ya haɗa labaran nan uku. Mayaudari ba ya shuka bukata a zuciyar mutum, tarar da ita ya ke yi. Orgon yana son ya ji kansa kusa da Allah. Chume yana son ƙarin girma a wurin aiki da kwanciyar rai a gida. Masu zuwa tantin Marjoe yawancinsu talakawa ne masu ciwo da bashi. Inda asibiti ya yi nisa, aiki ya yi wuya, shari'a ta yi tsada, nan kasuwar annabin ƙarya ke ci. Haka ya ke tun zamanin Irmiya, sa'ad da wani Hananiya dabam ya karya karkiyar itace daga wuyan annabin, ya yi wa jama'a albishir cewa cikin shekara biyu za a karya ikon Babila (Irmiya 28). Maganarsa ta fi ta Irmiya daɗin ji, amma bai ga ƙarshen shekaran nan ba, mutanen da suka dogara gare shi kuwa suka tafi bauta. Saboda haka ikkilisiyar da ke so ta kori mayaudara, sai ta ziyarci marasa lafiyarta, ta taimaki gwaurayenta, gama tumakin da aka ciyar ba su cika bin muryar baƙo ba.

Ƙaryar da a ke yi domin a taimaki Allah

Akwai ƙarya ta biyu wadda ta fi ta fari haɗari, domin mutanen kirki ne su ke yinta. Mai yinta ba ya neman kuɗi. Cewa ya ke yi, aikin Allah ne zai ci gaba, me ya ɓaci in na ƙara gishiri kaɗan?

Wajen ƙarni na 8 wani, wanda har yau ba a san sunansa ba, ya rubuta takarda da sunan sarki Kustantin na Roma, wanda ya mutu tun 337. Takardar ta ce sarkin ya ba bishop na Roma mulkin birnin da ƙasashen yamma duka. Mai yiwuwa marubucin ya zaci yana kare ikkilisiya ne daga sarakuna masu ƙwace. Aka yi ɗaruruwan shekaru ana kafa hujja da ita. A 1440 wani masanin harshe, Lorenzo Valla, ya zauna ya duba kalmominta. Ya tarar da Latin ɗin da ke ciki ba irin na zamanin Kustantin ba ne, ya kuma ga an ambaci birnin Kustantiniya kamar ya riga ya kahu, alhali a lokacin da takardar ke nufi ba a gina shi ba tukuna. Asiri ya tonu. A 1520 Martin Luther ya karanta binciken Valla, abin ya ƙara masa ƙarfi cikin jayayyarsa da Roma. Takardar da aka ƙaga domin a ƙarfafa ikkilisiya ta zama sanda a hannun masu dukanta. Gaskiyar Hausawa da suka ce ƙarya fure ta ke yi, ba ta 'ya'ya. Ba mu kawo wannan domin mu zargi wata ɗarika ba, gama Marjoe daga cikin masu wa'azin bishara irin namu ya fito.

Tun kafin wannan duka, wani bawan Allah ɗan Afirka ya riga ya yanke maganar. Agustin, bishop na Hippo, a ƙasar da a ke kira Aljeriya yanzu, ya sami wasiƙa wajen shekara ta 420 daga wani mai himma a yankin Sifen. A can akwai wata ƙungiya ta masu koyarwar ƙarya waɗanda su kan ɓoye abin da su ke bi. Mai wasiƙar ya kawo shawara, waɗansu masu bi su yi kamar sun shiga ƙungiyar domin su tona asirinta. Agustin ya rubuta littafi guda ya ƙi shawarar. Hujjarsa ita ce, in mai bi ya nuna yana iya yin ƙarya saboda addini, da wane baki zai koya wa wanda ya kama gaskiya? Wanda aka jawo da yaudara zai riƙa tunani kullum, ko yanzu ma yaudarata a ke yi?

Littafi Mai Tsarki bai bar mu cikin shakka a kan wannan ba. Ayuba ya tsauta wa abokansa domin suna faɗin abin da ba gaskiya ba wai su kare Allah, ya gargaɗe su cewa Allah kansa zai hukunta su (Ayuba 13:7-10). Manzo Bulus ya la'anci ra'ayin masu cewa a yi mugunta domin alheri ya fito (Romawa 3:7-8), ya kuma shaida wa Korantiyawa cewa ya rabu da hanyoyin ɓoye da gauraya Maganar Allah (2 Korantiyawa 4:2). Allah ba mabukaci ba ne har da za mu yi masa sata mu ciyar da shi. Ubangijinmu ya kira Iblis uban ƙarya (Yohanna 8:44), ba kuwa za a aro makami daga rumbun Iblis a gina mulkin Almasihu da shi ba.

A nan ya wajaba mu ma mu yi ikirari. Shekarun baya mun rubuta wa ikkilisiyoyin da ke taimakon aikinmu na fassara wasiƙa game da wani ajin karatu a ƙauye. Muka ce mutane da yawa sun ba da gaskiya. Ainihi mutum uku ne, ɗaya kuwa ya daina zuwa kafin wasiƙar ta isa. Ba mu ci ko kwabo a ciki ba, so mu ke masu bayarwa su sami ƙarfin zuciya. Amma da muka sake karanta labarin Hananiya da Safiratu sai jikinmu ya yi sanyi, gama su ma kyauta suka kawo, laifinsu kawai sun sa ta ta fi yadda ta ke girma a idon jama'a. Dole muka sake rubutawa muka gyara, da kunya. Jaraban nan tana jiran mai fassara sa'ad da aya ta yi kaifi ya so ya dakushe ta, da mai ba da shaida wanda labarinsa ke ƙaruwa kowace Lahadi, da magatakarda mai rubuta sittin inda aka ƙirga arba'in da uku.

Sa'ad da mai kisa ya buga ƙofa

Yanzu mun zo wuri mai wuya. Agustin ya koyar cewa kowace ƙarya zunubi ce, ko da wadda aka yi domin ceton rai, sai dai ya yarda laifin wata bai kai na wata ba. A 1797 masanin Jamus Immanuel Kant ya ce ko mai kisa ne ya tambaye ka inda abokinka ya ɓuya, ba ka da ikon yi masa ƙarya. Waɗansu malaman ikkilisiya kuwa sun ce mai neman zub da jinin marar laifi ya zubar da hakkinsa na jin gaskiya. Mu duba yadda al'amarin ya kasance a wani gida na masu bi.

A watan Mayu 1940 sojojin Jamus suka ci ƙasar Holan, ba da daɗewa ba kuma suka shiga kwashe Yahudawa zuwa sansanonin mutuwa. Daga cikin Yahudawa wajen 140,000 da ke ƙasar, an hallaka fiye da 100,000. A birnin Haarlem akwai wani tsoho mai gyaran agogo, Casper ten Boom, da 'ya'yansa mata biyu, Betsie da Corrie, masu karanta Littafi Mai Tsarki safe da yamma. Daga 1942 suka buɗe gidansu ga masu gudu, aka gina bangon ƙarya a ɗakin kwanan Corrie, da ɗan lungu a bayansa. Corrie ta ba da labarin duka a littafinta The Hiding Place na 1971, wanda aka mai da shi majigi a 1975.

Abin koyo a gare mu shi ne, 'yan gidan nan ba su zama da ra'ayi ɗaya ba. Corrie ta yi ƙarya sau da yawa. Ta fari ita ce ran da aka umurci kowa ya kawo rediyonsa, ta kai ɗaya ta ce ba su da wata. Ta shaida cewa bayan haka jikinta ya yi rawa, domin ta ga sauƙin da ƙaryar ta yi a bakinta. 'Yar'uwarta Nollie kuwa ta tsaya a kan cewa Allah zai kiyaye wanda ya faɗi gaskiya. Ran da aka tambaye ta ko budurwar da ke gidanta Bayahudiya ce, ta amsa i. Aka kama su duka biyu. Corrie ta yi baƙin ciki ƙwarai da wannan amsa. Bayan 'yan kwanaki aka fasa wurin da a ke tsare da budurwar a Amsterdam, ta kuɓuta. Mun gode wa Allah saboda wannan, amma kada mu mai da shi ka'ida, gama dubbai da aka kai wurin nan ba su komo ba.

Ran 28 ga Fabrairu 1944 wani mutumin Holan ya zo kantin agogon, ya ce an kama matarsa domin ta taimaki Yahudawa, yana neman kuɗin da zai fanshe ta. Corrie ta yi alkawarin taimako. Ashe ɗan leƙen asiri ne. A ranan nan aka kama mutanen gidan. Aka mari Corrie ana tambayarta inda Yahudawa su ke, ta ce ba kowa. Mutum shida suna tsaye a bayan bangon, suka yi kusan kwana biyu a ciki kafin a fitar da su. Tsohon ya mutu a tsare bayan wajen kwana goma, yana da shekara 84. Betsie ta mutu a sansanin Ravensbruck a watan Disamba na shekaran nan. To, ga ƙarya biyu a gida ɗaya a rana ɗaya. Ɗaya ta mutumin da ya mai da tausayin masu bi tarko. Ɗaya ta macen da ta sha mari domin baƙi shida su rayu. Wanda ya ce nauyinsu ɗaya ne a ma'aunin Allah, bai san Allahn da ya sa wa ungozomai albarka ba.

Marubuta ma sun ji nauyin wannan. A littafin Victor Hugo na 1862, Les Miserables, wani tsohon fursuna, Jean Valjean, wanda ya yi shekara 19 a ɗaure tun daga satar burodi, ya kwana gidan bishop ya sace masa cokulan azurfa. Da 'yan sanda suka komo da shi, bishop ya nuna musu kyauta ya ba shi, har ya ƙara masa da alkukai biyu na azurfa. Alherin nan ya juya rayuwar mutumin. Can gaba kuma wata mai hidimar Allah, Sista Simplice, wadda aka sani ba ta taɓa ƙarya ba, ta ce wa ɗan sanda Javert ba kowa a ɗakin, alhali Valjean na ɓoye a ciki. Javert ya tafi bai bincika ba, domin ya san halinta. Mu lura da abu biyu. Na ɗaya, maganarta ta yi aiki ne saboda shekarun da ta yi tana faɗin gaskiya, da maƙaryaciya ce da an bincika ɗakin. Na biyu, marubuci shi ke riƙe da ƙarshen labarinsa, yana iya sa kowace ƙarya ta haifi alheri. Mu kuwa ba mu riƙe da gobe.

Abin da Littafi ya yaba

In mun duba da kyau, za mu ga inda Maganar Allah ta ɗora yabonta. Game da ungozomai, sau biyu aka ambaci tsoron Allah da suka yi, shi ne dalilin albarkarsu. Game da Rahab ta Yariko, wadda ta ɓoye 'yan leƙen asirin Isra'ila a kan soro ta ce wa manzannin sarki sun riga sun fita (Joshuwa 2), Ibraniyawa 11:31 ta yabi bangaskiyarta, Yakubu 2:25 kuma ya yabi karɓar baƙin da ta yi da sallamarsu ta wata hanya. Ba inda aka yabi ƙaryar kanta, ba kuma inda aka tsauta musu a kanta. Ya kamata mu tsaya inda Littafi ya tsaya.

Sau da yawa kuma akwai hanya ta uku tsakanin ƙarya da bashe da mutum. Ɓoye magana dabam ne da ƙaga magana. Sa'ad da Sama'ila ya ji tsoron Saul, Ubangiji ya ce ya tafi Baitalami da karsana ya ce hadaya ta kawo shi, hadayar kuwa ya yi ta da gaske, ko da ya ke bai faɗi zancen naɗin Dawuda ba (1 Sama'ila 16). Ubangiji Yesu ya yi shiru gaban Hirudus (Luka 23:9). Agustin ya ba da labarin Firmus, bishop na garinsu Tagaste, wanda manzannin sarki suka zo neman wani da ya fake a wurinsa. Ya gaya musu a fili ba zai yi ƙarya ba, ba kuwa zai ba da mutumin ba. Suka azabta shi, bai buɗe baki ba, har aka kai shi gaban sarki, sarkin ya yi mamakinsa ya yafe wa wanda ya ɓoye. Hanyan nan tana da tsada, gama da jikinsa mutum ke biya.

Allah ya nuna mana irin wannan tsayawa a ƙasarmu, ta hannun wanda ba na garkenmu ba. Ran 23 ga Yuni 2018 mahara suka auka wa ƙauyukan Barkin Ladi a Jihar Filato. Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, tsoho mai shekara fiye da 80, ya shigar da mutum 262 masu gudu, yawancinsu Kirista, cikin gidansa da masallacinsa. Ya fita ya tari maharan, ya ƙi ba da su, ya yi ta roƙo, har ya miƙa ransa a maimakon nasu. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma saboda wannan. Kamar yadda Ubangijinmu ya ɗauki Basamariye ya koya wa masanin Attaura ma'anar maƙwabci, haka ya kamata labarin nan ya sa kowane mai bi ya tambayi kansa, in maƙwabcina Musulmi ne ya gudo ƙofata, ni fa?

Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, ba ƙaryar da za ta ciyar da aikin Allah gaba. Mu'ujizar ƙage, da shaidar da aka ƙara wa gishiri, da lissafin da aka kumbura, da annabcin da ba a aiko ba, dukansu zunubi ne, komai kyaun nufin mai yi.

Na biyu, mai bi ba zai taɓa ba da marar laifi ga mai kisa ba. Ya fara neman hanyar shiru da ƙi, ya roƙi Allah hikima a sa'an nan. In kuwa wani ɗan'uwa, cikin firgita da ƙuncin lokaci, ya faɗi abin da ba haka ba domin ya ceci rai, ba mu da izinin jifansa da dutse. Shi ma kada ya yi fahariya da ƙaryar. Ya kawo ta gaban Allah da tawali'u, ya yi baƙin ciki da duniyar da ta matsa shi haka, ya dogara ga jinin Almasihu wanda ya isa ya wanke har abin da ya gauraya da ayyukanmu mafi kyau.

Na uku, akwai tambaya uku da za su taimake mu mu auna kanmu. Wa zai amfana? Wa zai ɗauki hasara in asiri ya tonu? Zan iya faɗin abin da na yi a gaban jama'a bayan haɗari ya wuce? Ungozomai da Rahab da Corrie, waɗansu ne suka amfana, wuyansu ne ke kan wuƙa, labarinsu kuwa ana karanta shi a fili har yau. Hananiya da Tartuffe da Jero su ne masu cin riba, waɗansu ke biya, kuma dole abin ya zauna a rufe har abada.

Na huɗu shi ne ya fi damunmu. Yawancinmu za mu gama kwanakinmu mai kisa bai buga mana ƙofa ba, amma kowane mako muna tsaye inda Hananiya ya tsaya: a wurin baiko, a kasuwa wajen faɗin kuɗin da muka sayi kaya, a gida wajen gaya wa yaro ya ce wa mai bin bashi baba ba ya nan. Zuciya mai wayo ce. Ta kan fake da Rahab ta yi aikin Safiratu. Wanda ya saba da ƙananan ƙarairayi domin ya tsare aljihunsa da sunansa, da wuya ya sami ƙarfin tsayawa a ƙofa ran da za a nemi ransa saboda wani. Gidan mai gyaran agogon nan sun yi shekaru suna faɗa wa masu ciniki gaskiya a kan abin da ya lalace cikin agogonsu, tun ba wanda ya san za a yi yaƙi.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bitrus ya ce wa Hananiya filin nasa ne, kuɗin ma yana hannunsa. Mene ne ainihin laifinsa, da wa kuma ya yi wa ƙarya?
2. Da kai ne a gidan ten Boom, da wa za ka bi, Corrie ko Nollie? Kawo dalili daga Littafi Mai Tsarki, ka kuma saurari wanda ya saɓa maka da haƙuri.
3. Waɗanne bukatu ne ke kai mutanen unguwarmu wurin annabawan ƙarya? Wanne daga ciki ƙungiyarmu za ta iya ɗauka a wannan wata?
4. Akwai wata magana da ka ƙara wa gishiri a gaban ikkilisiya wadda ya kamata ka gyara?

Addu'a

Ya Allah na gaskiya, wanda ba abin da ke ɓoye a gare ka, ka gafarta mana ƙarairayin da muka yi da sunanka. Ka tsarkake leɓunanmu cikin ƙananan al'amura, ka tsare tumakinka daga masu cin su. In kuwa ranar gwaji ta zo ƙofarmu, ka ba mu hikima da ƙarfin zuciya mu tsaya domin marar laifi, ko wane ne shi. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.